Rage tsayin Caprice da sake mata salansa a Sina'iyar Jidda: yadda aikin ya fito

Mai tsohuwar Caprice da ke tunanin kwantar da ita ƙasa ya sa mata salansa mai murya, ga abin da na gani bayan an yi wa tawa a wani gareji a Sina'iya, unguwar masana'antu da garejoji, nan Jidda. Aikin ƙafa ya biya ni kuɗina har da riba. Na salansa kuwa sai da aka koma aka warware, kuma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini a rai ba.

Motar ƙirar 1986 ce, mai kusurwa huɗu ɗin nan da Chevrolet ya yi ta ƙerawa daga 1977 zuwa 1990, kafin mai zagayayyen jiki ta fito a 1991. Injin silinda takwas, lita biyar, da kafireto. Sifirin ɗinta na asali sun gaji, gefen direba ya zauna, shakazoba sun mutu murus, in ta hau tudu sai ta yi ta lilo har ka ƙosa. Tunda dole a sake su, sai na ce a haɗa da rage tsayin gaba ɗaya.

Mai garejin dattijo ne, Bahaushen Sudan, mutanen Mai Wurno, ya daɗe yana cin abinci da motocin Amurka. Na ce masa, "Baba, yaran unguwarmu yanke sifirin kawai suke yi, wasu kuma su gasa shi da wuta ya zauna, kafin la'asar an gama." Ya ce, "Ɗana, yankan da sauƙi in an san iyaka, amma wuta ba ta shiga garejin nan. Ƙarfen da aka dafa a kamfani in ka sake gasa shi ka kashe shi, kwana kaɗan za ka dawo mini da mota a karkace." Sai ya sa aka nemo sifirin da aka ƙera don rage tsayi, inci biyu a gaba, inci ɗaya da rabi a baya, da shakazoba gajeru daidai da su. Ya sake bushin da boljoyin, ya ɗan rage robar da ke tare ƙafa kada ta daki firam, don a samu sauran wurin motsi.

Inda ya burge ni shi ne saitin taya. Mota in ta sauko, kan tayoyin gaba yakan karkata ciki, sai ta riƙa cin gefen taya. A irin wannan Caprice ana gyara hakan ne da 'yan faya-fayan ƙarfe da ake cusawa tsakanin hannun ƙafa na sama da firam. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da su, kauri daban-daban. Ya sassauta ƙusa, ya zare ɗaya, ya gwada wani, ya ɗaure, ya sa yaronsa ya girgiza motar ta zauna, ya sake awo. Samarin gareji da suka saba da motocin yanzu ba su da wannan haƙurin, yawancinsu ma ba su san aikin ba. Taya kam tana cinyewa daidai, sitiyari ba ya ja gefe.

A hanya bambancin a fili yake. Hawan Hada zuwa Ɗa'if, inda da take kwantawa a kowace kwana har na baya su riƙe ƙofa, yanzu tana shiga a natse. Laushin da aka san Caprice da shi ya ɗan ragu, za ka ji gaɓar kwalta a kujera, amma ba ta zama mai dukan baya ba. Kyan gani kuwa ba a magana, ramin nan da ke tsakanin taya da jiki ya rufe.

Sai dai Jidda gari ne na tudun rage gudu, wanda ake ce wa matab, a kowane lungu, wasu kuma mutanen unguwa ne suka zuba abinsu ba awo. Tsakanin tayar gaba da ta baya na motar nan ya kusa mita uku, don haka cikinta ke fara taɓawa. Dole ka hau a karkace, a hankali, na bayanka yana ta oda. Ranar da na ɗauko baƙi 'yan Umara daga Makka, manya huɗu da jakunkuna da jarkokin zamzam a but, baya ya zauna sosai, na riƙa jin ƙafa tana dukan roba. Wanda motarsa ta jigilar baƙi ce kada ya wuce inci ɗaya a baya. Ruwan sama kuma, duk wanda ya ga ambaliyar Nuwamban 2009 ya san yadda titunan garin nan ke cika. In hadari ya haɗu ajiye ta nake yi.

Salansa ba dattijon ya yi ba, wani matashi mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya miƙa wa. Motar da bututu ɗaya ta zo daga kamfani, ƙarfen da ke tallafe giya ma gurbi ɗaya gare shi, sai da aka sake shi da mai gurbi biyu kafin bututu biyu su wuce. Matashin ya so ya sa mai faɗin inci uku. Dattijon ya hana, ya ce injin da ƙarfinsa bai kai doki ɗari biyu ba me zai yi da wannan rami, aka tsaya a inci biyu da kwata. Nan ya yi daidai. Amma matashin ya lanƙwasa bututun kamar motar tana tsayinta na da. Inda ya haura kan akselin baya bai bar wuri ba, duk rami sai ka ji ƙwal, tukunyar salansar kuma ta rataya ƙasa da firam, ita matab ke fara gaisarwa.

Ga kuma ƙugi. A tsaye muryar tana da daɗi, kauri ba hayaniya. Da ka hau babban titin Makka ka tsaya a gudun 110 zuwa 120, sai wani gunji ya cika cikin motar kamar kana zaune cikin ganga ana bugawa, ba ka jin na kusa da kai, ka sauka kai na sarawa. Maiɗakina ta ce ita da motar nan sai dai cikin gari. Da na koma, dattijon bai yi musu ba. Ya sa aka yanke, aka ɗaga bututun, aka haɗa biyun da ɗan gajeren bututu a tsakiya, aka ƙara ƙananan tukwane biyu masu shanye ƙugi. Kuɗin tukwanen na biya, kuɗin hannu bai karɓa ba. Gunjin ya ragu ƙwarai, ko da yake a kan hawa yana ɗan dawowa. Ƙarfi kuwa kada wani ya ruɗe ka, ban ji ta ƙara komai ba, man da take sha ma yana nan yadda yake. Murya kawai ka saya.

Batun hukuma ba abin wasa ba ne. Ba a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, sai mota ta wuce fahas, wato gwajin lafiyar mota, can kuma ana leƙa ƙarƙashinta ana auna hayaƙi, kuma Murur, 'yan sandan hanya, na ɗaukar sauya jikin mota ba izini da ƙarar da ta wuce kima a matsayin laifi. Tawa ta wuce, ina ganin don saukar ba ta yi yawa ba kuma bututun a baya suka fito kamar na asali. Tsofaffin kayan duk na adana su, in wata rana aka ce a mayar. Maƙwabta ma suna da haƙƙi: lokacin asuba da ƙafa nake zuwa masallaci, don injin in ya yi sanyi muryarsa ta fi ƙarfi.

Zan mayar wa dattijon kowane aikin ƙafa ba tare da shakka ba. Salansa kuwa a fara gama rage tsayi, a bar sifirin su zauna, sannan a lanƙwasa bututu, kuma ka tsaya a loda mutane a kujerar baya a duba wurin akseli kafin ka biya. Abin da ya rage tsakanina da matashin shi ne walda. Bututun na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, na biya kuɗinsa da tsada saboda laimar Bahar Maliya, amma ya ɗinke shi da wayar walda ta gama-gari, ga shi duk gaɓoɓin sun fara ja. Ya ce in kawo bayan Sallah ya sake su da wayar da ta dace, a kan kuɗinsa.