Na'urar gwada danshin katako: wata takwas a hannuna

Ƙofofi huɗu ne suka sa na sayi wannan na'ura. Bara cikin Agusta na yi wa wani Alhaji su da katakon malaina, na goge, na shafa fenti har shafi biyu, suna ƙyalli. Hunturu na shigowa ya kira ni. Fentin ya yi ƙuraje yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, mahaɗar falankan ta buɗe har kana hango tsakar gida. "Malam, wannan ne aikin?" Ban iya cewa komai ba, don a hannu katakon nan busasshe na ji shi ranar da na saya.

Na'urar ba ta kai girman wayar hannu ba. Allura biyu ne a kanta, sai ɗan gilashin da ke nuna lamba. Ka soka alluran a katako, ita kuma ta tura 'yar wuta tsakaninsu. Jiƙaƙƙen katako ya fi barin wuta ta ratsa shi, da haka take gane yawan ruwan. Ɗanyen katako yakan wuce kashi 30 cikin ɗari. Ni dai abin da zai zauna a waje ba na kai masa buroshi sai ya sauka ƙasa da 15, na cikin ɗaki kuwa 12 ko ƙasa.

Ga inda ta kusa yaudara ta. Makon farko na gwada wani falanki mai kauri inci biyu, ta nuna 13, na yi murna. Yaron shagona ya yanke shi da zarto don wani aikin, sai na ga garin yana dunƙulewa a haƙoran zarton. Na soka a tsakiyar yankan: 24. Ashe iyakar inda allura ta kai nan take karantawa, kuma bakin falanki da fatarsa su ke fara bushewa. Malaina ma tana da wannan hali sosai, ta bushe a waje ta riƙe ruwa a ciki. Yanzu sai na yanke kamar taƙi ɗaya daga baki, na gwada wuri uku. Wanda bai kai ba na jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa.

Tana da nata aibin. Alluran sirara ne, ɗaya ta lanƙwashe a katakon iroko mai tauri tun watan farko, Allah ya sa akwai na canji a kwalin. Tana barin ƙananan huji biyu, don haka a bayan katako nake sokawa. In batir ya yi sanyi lambar sai ta riƙa rawa. A tsakiyar hunturun Kano kuwa, tsohon katako yakan bushe har ya sauka ƙasa da inda take iya karantawa.

A wurin 'yan katako da farko dariya suke yi, wai likita ya zo da allurarsa. Katakon da ya taso daga Kudu cikin damina ba laifinsu ba ne in ya iso da ruwa, amma ni ma ba zan biya kuɗin busasshe ba. Wani dattijo da nake ciniki wurinsa yanzu da ya hango ni yake cewa, "Ɗana, ina abar nan taka? Zo ka soka wa wannan lodin, jiya ya sauka."