Ajin Asabar na kula da jarirai a Fadaman Mada, abin da na samu da kuɗina

Tun da na sa hoton 'yar tsanar nan ta ajin kula da jarirai da na je a status 'yan ajinmu ke damuna da tambaya, wai ina ne, nawa ne, kuma ya kai a biya ko a'a, to bari in amsa sau ɗaya in huta.

Ni ɗalibar nas ce aji biyu a nan Bauchi, kuma gaskiya kunya ce ta kai ni ajin nan ba son karatu ba. Fostin ɗinmu na farko a ɗakin haihuwa aka haifi wani yaro bai yi kuka ba, jikinsa sakwaf, sista ta ce miƙo min ambu, wato jakar da ake hura wa jariri iska da ita, na miƙa, ta ce riƙe min nan, wallahi sai na tsaya kamar an dasa ni, duk abin da na haddace na jarabawa ya gudu. Yaron dai ya yi kuka daga baya alhamdulillahi amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Wata siniya ce ta ce min akwai wata tsohuwar metiron da ta yi ritaya tana koyarwa a gidanta ranar Asabar, in je in gwada.

Ajin gareji ne aka gyara, benci huɗu, allo, fanka ɗaya da tebur a tsakiya. Asabar shida ne, daga 9 na safe zuwa azahar, na biya naira 12,000 kuma ta yarda a biya kashi biyu. Kowa Mama yake ce mata. Mu 23 ne a zubinmu, yawanci ɗaliban nas da ungozoma sai 'yan kiwon lafiya matakin farko su biyu da suka zo daga wajen gari.

Abin da ya fi burge ni, wanda shi kaɗai ma ya fanshi kuɗina, Asabar biyun farko ne na ceto jaririn da bai numfashi. Tana da 'yar tsanar nan NeoNatalie da ake cika ta da ruwa sai ta yi nauyi da laushi kamar jaririn gaske, akwai wasu robobi da take matsawa daga gefe sai ka ji bugun cibiya ko ka ga ƙirji na motsi ko ka ji kuka. Tsarin Helping Babies Breathe take bi, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da shi a 2010, kuma maganarsa guda ce, kafin minti ɗaya ya cika da haihuwa ko dai yaro yana numfashi da kansa ko ke kina hura masa. Ki goge shi sosai da busasshen tawul, ki yar da jiƙaƙƙen, in bai yi kuka ba ki share hanyar numfashi in akwai majina ki murza bayansa, in har yanzu shiru to ambu. Mama tana riƙe da agogo a hannu tana ƙirga daƙiƙa da ƙarfi, abin da ke sa hannu rawa kenan ko da kin san roba ce a gabanki.

Da layi ya zo kaina na ɗora mas ɗin na fara matsa jakar da ƙwazo, ƙirji ko gezau. Ta bar ni na matsa kamar sau biyar sannan ta ce, “'Yata, ɗakin nan kike hura wa iska ko yaron?” Ajin ya kwashe da dariya. Ta kama yatsuna ta gyara, babban yatsa da manuni su danne mas ɗin ya rufe baki da hanci ban da ido, na tsakiya ya tallabo haɓa, kai a ɗan ɗaga shi kaɗan ba a lanƙwashe shi baya ba, sai ga ƙirji yana tashi. Ta ce in ƙirji bai tashi ba kada ki ci gaba da matsawa kina fatan alheri, ki sake zaunar da mas, ki gyara kai, ki duba baki ki ɗan buɗe shi, sannan ki ƙara ƙarfin matsawa. Kusan hurawa 40 a minti. Na karanta wannan a littafi ya fi sau goma amma ranar ce hannuna ya gane.

Ta kuma cire mana wani kuskure da da yawanmu muke da shi game da makin Apgar na auna lafiyar jariri da zarar an haife shi, wanda likita Virginia Apgar ta ƙirƙiro a 1952, abu biyar kowanne daga 0 zuwa 2, ana dubawa a minti na 1 da na 5. Mu a tunaninmu sai an ba da maki sannan a san ko za a ceto yaro. Ta ce wanda ya tsaya lissafin maki yaro na kwance ba numfashi ya riga ya makara, maki na takarda ne, a fara aiki tukuna.

Asabar ta uku da ta huɗu kuma ban taɓa ganin ana koyar da irinsu a aji ba. Mama ta ɗaura ɗankwali ta yafa mayafi ta koma kakar jariri, irin kakar da ta haifi goma ta yi wa jikoki ashirin wanka, ke kuma yarinya da farin kaya ki zo ki ce mata kar a yi wa yaro wanka sai bayan awa 24. Ta ce wa wata a cikinmu, “Ke yaushe aka haife ki? Haka za a bar shi da ƙarni mutane na zuwa barka?” Yarinyar ta fara zuba turancin zafin jiki, Mama ta juya mata baya. Ashe abin da take so shi ne ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Inna ai ku ne kuka san yara, sai dai yanzu ya fito daga ɗumin ciki sanyi na saurin kama shi, a taimaka a goge shi a sa masa hula a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa zuwa gobe. Zafin jikin jariri 36.5 zuwa 37.5 ake so, wannan ke za ki riƙe a kanki, ita kakar kalmar sanyi ta ishe ta.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Dakashi da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne alhali shi ne rigakafin farko na yaro, a sa shi a nono cikin awa ɗaya, kuma nono zalla har wata 6 ba ruwa ko a zafin Afrilu. Cibiya kar a gasa ta, kar a sa man goge baki ko toka, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kilohezidin kawai, kuma nan ta ɗaure fuska ta ce ki nuna wa uwa da hannunki na cibiya ne kada ya kusanci ido don yana makantarwa. Kafur a cikin kayan jariri a cire shi saboda yana fasa jinin wasu yaran ya jawo shawara mai tsanani, kuma duk shawarar da ta fito cikin awa 24 na farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa ba ta shanya yaro a hantsi ba ce, ta asibiti ce. Maganar wanzami da cire beli kam ranar suna an yi muhawara sosai don da yawanmu an cire mana, ni ma har da ni. Bakwaini da yaron da bai kai kilo 2.5 ba ta koya mana goyon kangaru da zani, fata da fata a tsakanin nonuwa, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalbar jarirai, ta ce matan nan sun fi kowa iya goyo, juyo shi gaba kawai za ki koya musu.

To yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

'Yar tsana ɗaya ce tal ga mutum 23. A Asabar biyu sau uku kacal hannuna ya taɓa ambu, kuma masu kunya da ke bayan aji akwai wadda sau ɗaya ta samu. Abin da ake biyan kuɗi dominsa kenan, ya kamata a raba mu gida biyu ko a ƙaro wata. Ga zafi, in an ɗauke wuta fankar ta tsaya garejin nan sai ka rantse gidan burodi ne.

Asabar biyun ƙarshe na manyan yara 'yan ƙasa da shekara 5 an yi su ne a gurguje, kuma ba Mama ce ta ɗauka duka ba, wani ne ya zo yana karanto mana takarda kamar mai sanarwa. Saurin numfashi 60 zuwa sama ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 daga wata 2 zuwa shekara, 40 daga shekara 1 zuwa 5, ya faɗa ya wuce, ba a sa mu mun ƙirga na ko yaro ɗaya ba alhali yaran gidan na wasa a tsakar gida. Jadawalin rigakafi ma haka, BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta a haihuwa, Penta mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar a sati 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9, duk abin da ke jikin katin awo ne, ban ƙaru da komai ba. Abin da ya ɗan yi armashi tef ɗin awon dantse na gano tamowa, kowa ta samu nata kyauta, ja ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa zuwa 12.5, daga nan kore, muka yi ta auna yaran maƙwabta.

Sai takardun da aka raba mana, kwafin kwafi ne har rubutu ya dushe. Wurin zinc na gudawa ba a gane 10 ne ko 20, sai da na je na tambayi Mama ta ce miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ORS wato ruwan gishiri da sukari, ɗan ƙasa da wata 6 kuma 10. Takardar da ke ɗauke da adadin magani bai kamata ta fita a haka ba, na faɗa mata kuma ta karɓa ba ta ji haushi ba.

Masu tambayar satifiket, eh ana bayarwa, amma takardar halarta ce kawai, ba ta ƙara miki komai a jarabawar Kansil, wato hukumar da ke ba nas da ungozoma lasisi, kuma kada wadda ta je don ita. Firaktikal ɗin dai zai taimaka miki a OSCE, jarabawar da ake gwada aikin hannu, wannan ba shakka. Akwai kuma mai masa a bakin layin da ke cinye mana kuɗin Keke, wannan ba laifin Mama ba ne.

In da za ta yarda a biya na Asabar huɗun farko kawai da shi zan ce ku yi, amma ba ta rabawa, duk da haka ni ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Wadda za ta je ta tafi da agogo mai nuna daƙiƙa da mafici, ta isa kafin 9 ta kama bencin gaba kusa da tebur, kuma in Mama ta ce wa zai fara ki ɗaga hannu ko da za a yi miki dariya, don wadda ta fara ita ce ke samun zagaye na biyu.