'Yar sifikar da ke sa tebur magana

Wallahi da farko na ɗauka kayan wasan yara ne, abu kamar murfin kwalba wai sifika. Maganadisu ne da naɗin waya a ciki, wuta na bi sai ta kama karkarwa, duk abin da ka ɗora ta a kai shi ke fitar da sautin. A hannu kamar kukan sauro, amma ina manna ta a teburin shagona sai murya ta cika ɗaki. Har bututun kwalin nan da ake naɗe yadi na gwada, sautin ya fi kauri. Kan siminti dai asarar caji ce, kuma in ka ƙure ƙara sai ta yi ta yawo har ta faɗo.