Wata uku ina lissafin kalori a waya, ga yadda muka kaya

Ni dai tun bayan haihuwata ta biyu nauyina ya kafe a kilo 84, na sha shayin rage tumbi har na gaji ba abin da ya ragu sai kuɗina, shi ne ƙanwata ta saka min manhajar lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, irin su MyFitnessPal ɗin nan amma tawa wata ce daban.

Ana buɗewa za ta tambayi shekaru, tsawo, nauyi da yawan zirga-zirgar mutum a yini. Ni ta ce jikina na ƙona wajen kalori 2,100 kullum, wai ko kwance na wuni fiye da rabin wannan zai tafi a numfashi da bugun zuciya da sauran aikin jiki. Sai ta yanka min 1,600. Wannan 500 ɗin da ke tsakani shi ne giɓin da ake ta magana, jiki ya nemi abinci bai samu ba sai ya koma kan kitsen da ya ajiye. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, kenan a sati mutum zai sauke kusan rabin kilo. A lissafi fa kenan.

Sati biyun farko sikeli ko gezau. Ashe ni ce ke cutar kaina, in na yi tattaki da yamma sai manhajar ta ƙara min 300 a cikin abin da ya rage min, ni kuma murna, in aika yaro ya siyo ƙosai. Ga shi lissafin abin da motsa jiki ke ƙonawa kintace ne kawai kuma yakan zarce gaskiya. Na shiga saiti na kashe shi.

Inda muka fi samun saɓani da ita shi ne abincinmu. Kayan leda ko na gwangwani ba matsala, amma rubuta tuwo ki ga ikon Allah, amsa biyar kowacce da lambarta saboda mutane ne ke shigarwa da kansu, kuma malmalar wa ake nufi? Ta gidanmu ai ta yi biyun ta wani gidan. Dole na sayi ƙaramin sikelin kicin. Nan ma na yi kwaɓa, na auna ɗanyar shinkafa na rubuta ta a dafaffiya, alhali giram 100 na ɗanya wajen 360 ne, dafaffiya kuma 130 tunda ta sha ruwa.

Amma wallahi abin da ya fi girgiza ni mai ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja wajen 120, don giram ɗin mai kalori 9 ne, na tsaki ko sukari 4 kacal. Ni da ke kwarara mai a ɗanwake da garau-garau kai tsaye daga galan, ranar da na auna sai na ga cokali huɗu nake zubawa, kusan 500, wato giɓin nawa gaba ɗaya yana kwance a gindin kwano ina ta zargin tuwo. Lemon roba na rabin lita ma wajen 200 ne, gyaɗar da nake tauna ina kallo kuwa giram 100 ta haura 550.

Yanzu ina 79 da rabi. Lokacin al'ada sai in ga kilo ɗaya ya dawo, ruwa ne, kwana kaɗan ya tafi, shi ya sa na koma hawa sikeli ranar Juma'a kawai. Manhajar ta kyauta nake amfani da ita kuma ta ishe ni. Akwai gajiya dai, kuma ranar biki da ake haɗuwa a tire ɗaya ba zancen lissafi, Inna ma da ta gan ni ina auna miya cewa ta yi "ke yanzu abinci ya koma gwal ne?"

Masa ce har yau ban san me zan rubuta mata ba, don mai tuyar layinmu ba za ta yarda in je mata da cokalin awo bakin tanda ba.