Miyar oda a Bauchi: abin da take yi wa gidan mai laulayi da abin da ba ta yi

Laulayin ciki ba ya hana yara jin yunwa. Uwargida na kwance, ƙanshin albasar maƙwabta kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya, amma ƙarfe biyu na yi 'yan makaranta za su shigo suna leƙa tukunya. A gidan yawa abin da sauƙi, kishiya ko faccala ko ƙanwar miji sai ta karɓi girkin har a ga abin da hali zai yi. A unguwannin Tambari da Ibrahim Bako da sababbin unguwannin bayan gari kuwa, inda daga miji sai mata sai yara, babu wannan gatan. A nan ne matan da ke dafa miya a gidajensu suna sayarwa da lita suka sami kasuwa. Tallarsu na yawo a WhatsApp da Instagram, a yi oda tun daren jiya, a tura kuɗi ta banki, ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya kawo har ƙofa. Sana'ar gaba ɗaya muke dubawa a nan, ba wata mai girki guda ba.

A gajarce, hidimar ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi biyu: miya kaɗai za a saya, ba abinci gaba ɗaya ba, kuma a san inda za a ajiye ta kafin ta iso.

Lissafin lokaci shi ne farko, domin shi zai nuna wa maigida nauyin da zai ɗauka. Tashin zuciya yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani tsakanin mako na 9 da na 10, daidai lokacin da sinadarin ciki na hCG ke kai ƙololuwa a jini, sannan ya lafa wa yawancin mata tsakanin mako na 14 da na 16. Wasu sai mako na 20, kaɗan ne ke kaiwa da shi har haihuwa. Wato wata biyu zuwa biyu da rabi ake magana, ba wata tara ba. Kuma kusan bakwai cikin mata goma masu juna biyu suna yin sa, saboda haka batun "raki ne" ko "son jiki ne" bai taso ba.

Me ya sa miya kaɗai? Saboda duk abin da ke tayar da zuciya a ɗakin girki yana cikin tukunyar miya: suyar albasa, manja idan ya yi zafi, daddawa, ƙarnin ɗanyen nama da na kifi, turirin attaruhu, tafarnuwa. Farar shinkafa da taliya da tuwon masara ko na shinkafa ba su da wani wari mai ƙarfi, babbar yarinya ko maigida da kansa zai iya ɗora su. Su ne kuma suka fi lalacewa a hanya. Tuwon da aka ƙulle a leda ya yi minti arba'in a bayan babur zai iso ya yi gumi ya saki, ga tsada, domin kuɗin aiki da na leda da na gas duk a kansa suke. Sayen cikakken abinci sau biyu a rana ga gida mai mutum shida har wata biyu, albashi kaɗan ne zai jure masa.

Gida mai manya biyu da yara huɗu yana shan miya kamar lita ɗaya da kwata a ci guda idan da tuwo ne. Da shinkafa bai kai haka ba, lita ɗaya ta jar miya ta wadatar. Bokitin lita biyar ke nan ci huɗu zuwa biyar ne. Oda biyu a mako, jar miya ɗaya, miyar tuwo ɗaya, ta rufe rana da dare na kusan kwana biyar, sauran a cike da faten wake, ɗanwake, dafadukar da ba a soya mata albasa ba, ko masa daga bakin titi, wadda a Bauchi ba a rasa ta.

Ba kowace miya ce ke jure ajiya ba, kuma nan ne masu saye suka fi yin asara. Jar miya ita ce sarauniya: an soya tumatir ruwansa ya ƙone, mai ya rufe samanta, tana kwana uku zuwa huɗu a firji lafiya, a firiza kuwa wata biyu ba ta canza ba. Agushi na biye mata. Taushe daɗi gare ta ranar da aka yi ta, amma kabewa da gyaɗa da alayyafo a tukunya ɗaya ba sa son zafi, idan ta kwana a waje da safe za a tarar ta yi kumfa ta yi tsami. A saye ta ta ci ɗaya, iyaka biyu. Ɗanyar kuɓewa da karkashi kuwa yauƙinsu kan tsinke da ɗumame, su koma ruwa tsululu.

Kuka da busasshiyar kuɓewa suna da dabara, kuma mai girkin da ta san aikinta ita za ta fara kawo shawarar. Kada a ce ta kaɗa. A ce ta dafa ruwan miyar kawai, da nama da daddawa da kayan yaji da mai, ta aiko haka. A gida sai a ɗebi na ci ɗaya, a tafasa, a rage wuta, a barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi, minti biyar ta haɗu. Ruwan miya guda ya zama kuka yau, kuɓewa gobe, yara ba za su ce kullum abu ɗaya ba. Kukar da aka riga aka kaɗa idan ta kwana a firji takan daskare ta yi gudaji, sai an ƙara ruwa, ɗanɗanon ya tafi. Sai dai a tuna, daddawa na jin wuta za ta tashi. Wani ne zai ɗumama, a tsakar gida kan kurfoti ko ƙaramin gas, uwargida na ɗaki an turo ƙofa an buɗe tagar baya. In ita za ta tsaya a kan tukunyar, rabin amfanin odar ya tafi.

Yanzu ga inda abin ke ɓaci. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce, kuma a Bauchi watan Maris da Afrilu kullum sama da haka ake. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60. Miyar da aka sauke ƙarfe goma, ta jira ɗan saƙo har sha biyu, ya biya ta Yelwa da Fadaman Mada ya sauke wasu, ta iso ƙarfe ɗaya da ɗumi-ɗumi, ta riga ta cinye wa'adinta a hanya. A tambayi lokacin da za a sauke tukunya, a ce a kawo cikin awa ɗaya. Idan an taɓa jikin robar ba ta ƙona hannu ba, a juye a tukunya a tafasa nan take kafin a raba.

Kuskure na biyu daga mai saye yake: a ɗauki bokitin lita biyar ɗungurungum a tura firji. Gefe zai yi sanyi, tsakiya na nan da ɗumi har tsawon sa'o'i. A raba a ƙananan robobi masu murfi, kowace ta ci ɗaya, zurfin miyar kada ya wuce yatsu uku a jere. Ta yau da ta gobe a firji, saura a firiza. Wadda aka fitar aka ɗumama ba ta komawa. Al'adar ɗumame safe da yamma na tukunya guda har kwana uku tana kashe ƙwayoyin, amma akwai gubar da wasunsu ke bari wadda tafasa ba ta lalata ta, musamman a shinkafar da ta kwana a waje. Gudawa a kan laulayi kuwa, hanyar ƙarin ruwa ce kai tsaye.

Sai maganar wuta. Idan an ɗauke, firji na riƙe sanyi kamar awa huɗu matuƙar ba a buɗe shi. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabi awa 24. Saboda haka a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare. Gidan da ba shi da firiza, ko unguwar da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba, kada su sayi bokiti ko da an yi musu ragi. Su sayi lita ɗaya da rabi kullum, ko da kuɗin ɗan acaɓa zai ƙaru, ko su nemi mai girki a cikin layinsu yaro ya karɓo da kwano. Kula mai kyau, idan an ɗauraye ta da tafasasshen ruwa kafin a zuba, tana riƙe miyar rana ta kai la'asar da zafinta.

Wajen zaɓen mai girki, hoton waya ba ya nuna komai. A fara da lita ɗaya a gwada. A bar ta ta huce a kwano a ga yawan man da ya taso, domin wasu da manja suke cika awo, wasu da ruwa, wasu kuma su rufe ƙarancin nama da magi da gishiri. A yi magana kan adadin yankan nama a kowace lita tun kafin biya, nan ne rigima ta fi tashi. A ce a rage yaji da kanwa. A duba mazubin: sabuwar robar abinci, ba tsohon bokitin fenti ba, ba baƙar leda ba. In da hali, wata daga gidan ta je ta ga inda ake girkin, wane ruwa ake amfani da shi, hatsi da garin kuka a rufe suke ko a buɗe. Wannan ba tsirfa ba ce. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamawa duk rani, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma ya fi haɗari ga mai ciki. Kwalarar 2021 ma ba a manta da ita ba. Farashi kuwa yana bin kasuwannin Muda Lawal da Wunti: da sanyi zuwa tsakiyar rani kayan miya na araha, farkon damina tumatir ya yi wuta, litar jar miya ta tashi tare da shi. Mai girkin da farashinta bai motsa ba a lokacin, a bincika abin da ta rage.

Abin da wannan hidima ba ta yi shi ne ciyar da mai laulayin kanta, kuma magidanta da yawa a nan suke kuskure, su ce ai an kawo miya, me ya hana ta ci. Miyar oda mai ce da yaji, su ne kuma ke jinkirta narkewar abinci su kawo ƙwarnafi. Nata tsarin daban ne. Busasshen biskit ko gasasshen burodi a gefen gado, ta ci kafin ta ɗaga kai da asuba, ta jira kamar minti ashirin, saboda cikin da babu komai shi ke kawo kumallo. Bayan nan ɗan abu kaɗan duk awa biyu zuwa uku: kunun tsamiya, koko mara yaji, dafaffen dankalin Hausa, farar shinkafa da ɗan gishiri, ayaba, kankana, ƙwai da ya dahu sosai, 'yar gyaɗa. Abinci mai sanyi ya fi zama, don ba ya turiri. Ruwa a kurɓa tsakanin ci da ci, ba tare da abinci ba. Nono da kindirmo sai wanda aka tabbata an tafasa madararsa.

Citta na taimakawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta tare da bitamin B6 cikin shawarwarinta na awon ciki na 2016. Amma da awo: kamar giram ɗaya na garin a rana, wato wajen rabin ƙaramin cokali, a raba shi uku ko huɗu a ruwan ɗumi. Maganin ƙarin jini na awo yakan ƙara tashin zuciya, sai a mai da shan sa dare bayan an ci wani abu, kuma a gaya wa malamar awo maimakon a jefar da shi a ɓoye, domin folik asid ɗin da ke tafe da shi a waɗannan makonnin aka fi buƙatarsa. Jiƙe-jiƙe da maganin amai na kemis ba tare da likita ba, a bar su.

Idan ta yi awa 24 ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya yi duhu ya ragu, ko ta yi awa takwas ba ta yi ba, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko rama ta fito fili, ko akwai jini a aman, ko zazzaɓi ya haɗu da shi, wannan ya wuce maganar miya. A kai ta asibitin unguwa, ko Asibitin Ƙwararru, ko na Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a auna maleriya da fitsari. Kafin a isa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, tana kurɓa kaɗan-kaɗan a hanya.