Saiwoyin Pulmonaria na cikin kwali: shuka ta gari, takardar bayani mai zuzutawa

Masu renon tsirrai a ƙasashen sanyi suna sayar da Pulmonaria officinalis, wata shukar fure mai son inuwa, iri biyu: ko dai a cikin tukunya da ƙasarta, ko kuma tsurar saiwa da aka wanke, aka naɗe a kwali, ake aika wa mai saye a lokacin kaka. Na biyun na saya, kuma ra'ayina a kansa shi ne shukar ta cancanci kuɗinta, amma takardar bayanin da aka haɗo ta da ita ta yi alkawarin da bai kamata mai sayar da fure ya yi ba.

Saiwoyin sun iso da ɗan danshinsu, masu ƙwari, babu ruɓa, kuma kowace tana da idon toho a samanta. Wanda bai saba ba zai iya raina su, domin babu ganye ko ɗaya a jikinsu. Na jiƙa su na ɗan lokaci, na dasa su a gindin bishiya mai zubar da ganye, idon yana daidai da fuskar ƙasa, tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakaninsu, na kuma rufe wurin da ruɓaɓɓen ganye. Dukansu sun kama.

Abin da ya sa ake neman shukar yana bayyana ne a watan Maris, lokacin da yawancin lambu bai farfaɗo daga hunturu ba. Tsayinta ba ya wuce santimita 30, amma furanninta suna buɗewa da launin ruwan hoda, bayan 'yan kwanaki su rikiɗe zuwa shunayya, daga nan su koma shuɗi, har a ga launi biyu ko uku a kan reshe ɗaya. Dalili shi ne tsamin ruwan da ke cikin furen yana raguwa yayin da yake tsufa, sinadarin launin kuma yana bin wannan canji. Ƙudan zuma masu dogon harshe, waɗanda ke fitowa da wuri ba su sami abin tsotsa ba, suna rububinsu tun da hantsi. Bayan fure ya ƙare a watan Mayu sai ganyen ya karɓi aikin ado: kore ne mai kaushi, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa masa farar ƙasa, yana baje kansa har ya hana ciyawa fitowa. A wurin da inuwa ta hana sauran furanni rayuwa, samun irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takardar ta rubuta cewa shukar ba ta buƙatar kulawa, kuma wannan ba daidai ba ne. Da zafi ya shigo ƙasa ta bushe, farar fumfuna ta lulluɓe ganyen, ya yi yaushi ya kwanta. Maganin abin mai sauƙi ne, wato a yanke tsohon ganye har ƙasa bayan fure, a ba ta ruwa sosai, sabon ganye mai tsabta ya fito, sai dai da an faɗa wa mai saye tun farko da bai tsorata ba. A sa safar hannu wajen yankan, domin gashin ganyen yana sa ƙaiƙayi. Haka kuma ba a ambaci cewa tana buƙatar hunturu na gaske ba, ba ta kuma jure zafin rana mai tsanani.

Inda na fi damuwa shi ne batun magani. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana maganin tari da ciwon ƙirji. Gaskiya ne masu maganin gargajiya na Turai sun daɗe suna dafa ganyenta domin tari, kuma tushen abin shi ne wata tsohuwar fahimta da ke cewa siffar tsiro tana nuna gaɓar da yake warkarwa, su kuwa sun ga ɗigon ganyen ya yi kama da huhu. Gaskiya ne kuma ganyen yana da yauƙi da ɗan bauri, waɗanda ke iya sanyaya maƙogwaro. Amma kwamitin Commission E na Jamus, wanda aka kafa a 1978 domin tantance magungunan tsirrai, bai sanya ta cikin waɗanda ya amince da su ba, saboda ba a tabbatar da amfanin da ake danganta mata ba. Ga shi wasu 'yan danginta, irin su Symphytum, suna ɗauke da sinadarai masu cutar da hanta, ga shi kuma shukar da aka rena domin ado mai yiwuwa ne an fesa mata maganin ƙwari. Mai tarin da ya daɗe likita yake buƙata, kuma bai dace kwalin fure ya sa shi jinkirta zuwa asibiti ba.

Wanda ke da inuwa mai danshi a ƙasar da ake sanyi sosai, ina ba shi shawarar ya sayi tsurar saiwar, domin tana kamawa da kyau idan an dasa ta da zarar ta iso. Ba sai ya sayi da yawa ba, tunda bayan shekara 3 zuwa 5 gindin yana cika, a tone shi a kaka, a raba, a sake dasawa.