Hattara da masu zanen da ke karɓar kuɗi sau biyu a kan gefen takarda

Jama'a, duk mai shirin ba da aikin zanen kati, fosta ko bangon littafi ta intanet ya buɗe ido. Akwai masu kiran kansu ƙwararru da ke tallar cewa aikinsu daga hannunsu sai maɗaba'a. Su karɓi kuɗi duka kafin su turo komai, alhali da gangan suke barin giɓi a aikin don ka dawo ka sake biya.

Giɓin a gefen takarda yake. Maɗaba'a ba ta bugawa daidai girman da kake so. A babban falle ake bugawa, a jibga ɗaruruwa, wuƙa ta sauko ta yanke su gaba ɗaya, kuma duk iyawar mai yanka tana iya gocewa da kamar milimita 1. Shi ya sa ake so launi da hoton da ke bayan rubutu su zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane ɓangare, rubutu kuma ya shige ciki da milimita 3 zuwa 5. Takardar A5 milimita 148 da 210 ce, saboda haka fayil ɗinta 154 da 216 ya kamata ya zo. Tun wajen buɗe shafi ake saita wannan rarar, kuma duk mai zanen kirki ya san tana cikin kuɗin aikin.

Su kuwa sai su turo JPG mai 148 da 210 cif. Maɗaba'a na dawo da shi, sai su ce gyara sabon aiki ne. In ka biya, jan hoton kawai za su yi ya ƙara girma, sai rubutun da ke da tazarar milimita 5 daga baki ya koma 2 da ɗan abu, lambar wayarka ta matso bakin wuƙa. Wasu ma alamun yanka, wato 'yan layukan da ke nuna inda wuƙa za ta bi, suke zanawa a jikin hoton don ido ya ga kamar an yi abin. Ka nemi ainihin fayil ɗin da aka yi aikin a kai, nan ma kuɗi, ko su toshe lambarka.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda maɗaba'arsa ba ta duba ba. An buga dubbai, an yanke, farin zare ya fito a gefen wasu, wasu an cinye musu harafi, asarar takarda da tawada duk a wuyansa.

Kafin a fara, ku rubuta a yarjejeniya cewa PDF za a ba ku, da rarar milimita 3, launin CMYK (tsarin tawada huɗu da maɗaba'a ke bugawa da shi), hotuna 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), tare da ainihin fayil. Ku riƙe cikon kuɗin. Idan aikin ya iso, ku duba girman shafin a bayanan fayil ɗin, sannan ku tura wa maɗaba'ar da za ta buga. Sai ta ce ya yi, ku biya sauran.